Agwagwar Roba a Kan Tebur

Yammacin da abin ya fara, babu alamar komai. Umma tana tsakar gida tana kwashe shanya, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, daga ɗakin ƙurya kuma ana jiyo muryar 'yarta kamar kullum. Injiniya ake ce mata a gidan, da tsokana aka fara har sunan ya bi ta. Aikinta gyaran manhaja, daga gida take yi wa wani kamfani. In manhajarsu ta ƙi buɗewa a wayoyin mutane, ko babbar na'urar da ke riƙe da bayanansu ta tsaya, ita ake kira ta nemo inda kuskuren ya ɓuya.

Tun tana makaranta take da wata ɗabi'a. In kuskure ya gagare ta, sai ta juya kujera ta fuskanci lungun da ke tsakanin kabad da bango, ta yi ta bayani da ƙarfi, layi bayan layi, kamar mai koya wa wani. Wai in ka faɗi abu da baki, kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Umma ta sha yi mata faɗa, mai hankali ba ya magana da bango, balle da almuru. Dariya kawai take yi.

To a makon nan wata abokiyar aikinta ta aiko mata da 'yar agwagwar roba, wai masu sana'arsu ita suke yi wa bayani. Injiniya ta ɗora ta a kan tebur, ta ba lungun nan baya.

Umma ta ɗauko zanin ƙarshe ke nan dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Ta tsaya. Wani ya biyo, sannan wani, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Baba ya fita ya duba, layin shiru, ko kaza babu.

Daga ranar gidan ya canza. Duk abin da Injiniya ta gyara da rana, da magariba sai ya koma yadda yake. Ta goge, ta sake rubutawa, ta canza kwamfuta, ta canza kalmar sirri, duk a banza. Wayoyin gidan sukan kama haske su kaɗai, a ji muryarta tana bayanin wani aiki da ta gama tuntuni. Kamfani ya fara kira, masu waya suna ta ƙorafi, aka ce in ba za ta iya ba za a ba wani. Yarinya ta rame, idanu suka zurma. Wata safiya aka tsinci agwagwar a cikin kwandon shara, an murɗe mata wuya. Injiniya ta wanke ta, ta mayar kan tebur. Da yammacin ranar ta faɗi daga kan kujera, ta sandare, haƙora a datse.

Baba ya ɗauko Malam, wani dattijo marar yawan magana. Ya zauna a gefen tabarma ya fara karatu, Umma tana riƙe da ƙafafun 'yarta. Hasken taga yana ta raguwa. Can jikin ya motsa, baki ya buɗe, amma muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, a shaƙe.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ta yi miki?"

"A lungun can nake tun kafin a kafa kabad ɗin. Babu wanda ya taɓa ce mini ko sannu, sai ita. Shekara da shekaru tana juyowa tana faɗa mini damuwarta, ina saurare, ban taɓa katse ta ba. Yau kuma a ce roba! Robar da ko kunne ba ta da shi!"

"Ba da ke take ba. Ba ta san kina nan ba."

Jikin ya yi wata irin girgiza. "Ƙarya ne! Ni take kallo!"

"Ke ce kike warware mata aiki?"

"Ni ce. Na ce in ya gagare ta, ai dole ta juyo." Muryar ta karye. "Ba ta juyo ba."

Umma ta kasa daurewa. "Baiwar Allah, ki dubi Allah ki sakar mini 'ya."

Kan ya juyo gare ta a hankali. "'Yarki? Ke da kika haife ta, faɗa mini abu ɗaya da take yi a na'urar nan. Ni na san kowane layi. Ke kuwa sai ki leƙo ki ce ta ci abinci."

Maganar ta soki Umma har ƙahon zuciya, ta sunkuyar da kai.

Aljanar ta ce a ƙona agwagwar, a juya mata kujera, ta saki yarinya. Malam ya ce agwagwa za a fitar da ita, amma kujera ba za ta juya ba, zamansu tare ya ƙare. Ya ci gaba da karatu, aljanar ta yi kuka, ta yi magiya, daga baya ta sauko.

"To ta yi mini bayani sau ɗaya, na ƙarshe."

"Ki fita daga jikinta tukuna, ki tsaya a bakin ƙofa. In ta gama ki wuce, ba waiwaye."

Aljanar ta rantse. Injiniya ta yi atishawa ta buɗe ido. Da ta dawo hayyacinta Malam ya ce ta buɗe kwamfuta ta karanta aikinta da ƙarfi. Ta fara da murya ƙasa-ƙasa, ɗakin tsit. Can ta tsaya. "Au! Ga shi nan, an sauya lokacin da na'urar ke ajiye gyara." Ta taɓa 'yan maɓallai. Labulen ƙofa ya ɗaga ba iska, ya sauka. Ba a sake jin dutse a gidan ba, aikinta kuma ya tsira.

Washegari Umma ta jawo kujerar tsugunno ta shiga ɗakin ƙurya.

"Daga yau ni za ki riƙa faɗa wa."

"Umma, ba za ki gane ba fa."

"Robar ta gane ne?"

Injiniya ta yi dariya ta fara. Umma ta kasa kunne iya ƙarfinta, ko kalma ba ta kama ba, ga tambayoyi cike da baki tana haɗiyewa. Da yarinyar ta zo wani wuri mai wuya sai idonta ya zame a hankali zuwa lungun kabad, ya ɗan daɗe a can. Umma ta gani. Ta tashi, ta ja kujerarta ta kai bakin lungun, ta zauna ta tare shi da bayanta.

"Ina jin ki," ta ce. "Ci gaba."