Katako Bakwai a Gadar Bulus

Ni na fara ganin gawar Ummaru. Kafin mai gari, kafin 'yan sanda, kafin matarsa ma. Duk wanda ya ce maka ya riga ni, tambaye shi wace ƙafa ce ba takalmi, ka ga ya fara kame-kame. Ta hagu ce.

Sunana Tunau. Ban taɓa zama a aji ba, amma ruwa ya ci ni sau biyu ya amayo ni, maciji ya sare ni shi ya mutu ni ina nan, kuma har yau akwai harsashin 'yan bindiga a cinyata. Saboda haka in na ce na ga abu, to na gan shi.

Ƙauyenmu yana bayan Rawayya, kuma tsakaninmu da hanyar mota akwai fadama. Da damina taɓo ne har ƙugu. Shekara shida da suka wuce ƙungiyar manoman albasa ta ɗauko wani kafinta mai suna Bulus daga Tudun Wada ta Gusau, ya shimfiɗa mana gadar katako a kanta, taku ɗari da arba'in. Ranar da aka buɗe ta tsofaffin mata suka hau suna salati. Kana tafiya bisa ruwa, ƙafarka a bushe, kwaɗi na kuka ƙarƙashinka. Na je Kano na ga gidajen sama, wallahi ba su kama mini zuciya kamar gadar nan ba.

Ranar wata Laraba cikin watan takwas, da hantsi, na fito zan duba masarata, sai na ga rami a tsakiyar gada. Na leƙa. Ummaru ne kwance a ƙasa, kansa a kan dutsen da ginshiƙi yake zaune, buhun geronsa ya fashe cikin ruwa. Na yi masa kalmar shahada, sannan na yi kururuwa.

Kafin azahar Sufeto Munzali ya iso daga ofishin 'yan sanda na Bungudu. Siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga taɓo da kansa. Ni ban taɓa ganin mai anini a kafaɗa ya yi haka ba.

Ya ɗauko guntun katakon da ya karye. Bayansa baƙi wuluk da baƙin mai, kamar sauran gadar. Ya sa babban yatsa ya danna cikinsa, yatsan ya nutse. Fari ne fat, yana marmashewa kamar rogon da ya kwana biyu a tukunya.

"Baba, da wane itace aka yi gadar nan?"

"Ƙirya, ranka shi daɗe. Ina tsaye anka sauke ta."

"Ƙirya fara ce a ciki?"

"Ja ce. Wanga rimi ne, ko makaho ya taɓa ya sani."

Ya bi gadar da 'yar wuƙa yana ƙwarzane kowane katako. Ja, ja, ja. Da ya zo tsakiya ya sami farare guda bakwai a jere, na huɗunsu ne ya karye.

Gambo yana tsaye a bakin gada. Shi ke yi mana ƙofofi da tagogi, kuma shi gari ya ɗora wa kula da gadar, ya share ta, ya shafa mata mai duk rani.

"Malam Gambo, ka taɓa canza wani katako a nan?"

"Ni? Mai kaɗai nike shafawa. Ai tun farko na hwaɗi, aikin mutumen nan ba shi da tsabta. Dubi yadda ya bar gibi tsakanin katako da katako. Wanda bai iya haɗa baki biyu ba, mi za ya hana shi cusa rimi?"

Mannir, ƙanen mamacin, ya ji wannan. Idonsa ya yi ja. Ya rantse a gaban jama'a cewa in hukuma ta saki Bulus, shi zai je Gusau ya same shi har shagonsa, kuma samari goma suka ce suna bayansa. Sufeto ya tura kofur ya ɗauko Bulus tun kafin su riga shi.

Washegari aka kira ni Bungudu in ba da bayani, na tarar da Bulus a kan benci. Ya tsufa a kwana ɗaya. Matarsa Saratu na waje riƙe da kwanon abinci, ta ƙi zama.

"Da me ka yi gadar?" in ji Sufeto.

"Ƙirya, Yallaɓai, daga farko har ƙarshe."

"Akwai rimi bakwai a tsakiyarta."

"Ba hannuna ba ne."

"An ce ka yi alkawarin zuwa duba ta kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Ka zo bana?"

Bulus ya kalli ƙasa. "Na zo. A watan huɗu."

Sufeto ya juyo gare ni. Na ce, "Bulus, ka san ina ƙaunarka, amma bukkata na bakin gada. Ko ƙadangare ya hau sai na sani. Rabonka da mu shekara biyu."

Sai Bulus ya rufe fuska da hannu. "Ƙarya na yi. Tun da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanya suka tafi da mutum uku, na kasa fita bayan gari. Na ji kunyar faɗa. Da na zo, da na gani, da Ummaru yana raye."

Kofur ya ce a rubuta sakaci da ya jawo kisa, a kai shi kotu, magana ta ƙare. Sufeto ya daɗe yana jujjuya biro.

"Akwai wata gada da ka yi kafin wannan?"

"Akwai a Bilbis. Shekararta goma sha ɗaya."

"Tashi mu je. Baba Tunau, kai ma taho, tunda ka ce kunnenka ya san kukan kowane katako."

Na faɗa, kuma gaskiya ne. A gaban mota aka sa ni, kofur a baya.

Muka wuce Gusau, muka bi hanyar Tsafe. Gadar Bilbis gajera ce, a kan wani rafi, ta yi furfura da rana, amma da na buga ta da sandata sai ta amsa kamar ganga. Damina goma sha ɗaya! Na tsaya ina tasbihi.

Bulus yana taka ta ya zama wani mutum. Ya manta da ankwa a hannunsa. Ya roƙi kofur ya ciro masa wata doguwar ƙusa daga aljihun rigarsa, ya durƙusa, ya zura ta tsakanin katako biyu. Ta shige daidai, ba matsi ba lilo. Ya matsa gaba ya sake. Haka har ƙarshen gadar, kamar da ma'auni aka zuba.

"Wannan gibin da ake zagina a kai, shi ne ran gadar, Yallaɓai. Ruwan sama ya zuba ya wuce, iska ta biyo ta busar. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, dole ka bar masa wurin numfashi. In ka matse su, ruwa ya kwanta a tsakani, ruɓa ta fara ta inda ido ba ya gani."

Ya nuna mana yadda ya ɗora kowane ginshiƙi a kan dutse don kada ƙafarsa ta zauna cikin laka, gara ta samu hanya. Ya nuna yadda ya ɗan karkata shimfiɗar, kaɗan ƙwarai, har sai da ya zuba ruwan buta muka ga yana gangarawa gefe. Ya ce bakin katako, inda zarto ya yanka, nan ne yake shan ruwa kamar rake, shi ya sa yake tsoma kowane baki cikin baƙin mai kwana uku kafin ya ɗaura. Itacen dafa hannu na gefen gada kuwa daidai ƙugun babba, da wani a ƙasa don yara. Ni da na shekara shida ina taka irin wannan aiki, ashe ban san abin da nake takawa ba.

Sufeto ya shafa kan wani ƙarfe. "Ban ga ka buga ƙusa ko ɗaya ba."

"Ƙirya ba ta karɓar ƙusa, lanƙwashe ta take yi. Sai ka huda, ka sa noti wanda ba ya tsatsa. Biyu a wannan baki, biyu a wancan. Ƙusar nan ta awo ce kawai."

"Ba ni aronta," in ji Sufeto.

Da la'asar muna kan gadarmu. Gari duka ya fito, Mannir da samarinsa na gaba da sanduna. Sufeto ya bar Bulus cikin mota da kofur, ya durƙusa, ya fara zura ƙusa. Tana shiga, tana shiga, har ya kai kan fararen nan. Nan ta ƙi. Ya gwada bakin wuƙa, ko ita ba ta shiga ba. An goge gefunan sumul, an manne su kamar katako ɗaya, an bi su da ƙananan ƙusoshi a jere, an nutsar da kawunansu don kada su kama tufa.

Ya ce, "Wannan aiki ya yi kyau. Wanda ya yi shi gwani ne. Baba Tunau, wane irin kafinta ne gibi yake ba shi kunya?"

Kafin ya rufe baki na gane. Ni fa na riga kowa, har mai gari. Na ce, "Mai ƙofa. Ƙofar da ke da gibi ai ta tona asirin gida."

Aka waiga, Gambo ba ya nan.

A zaurensa muka same shi, zaune a ƙasa. Sufeto bai ko kalle shi ba, ƙofar zauren ya tsaya kallo. Ni ma na sha wucewa ta gabanta, amma ranar na fara ganinta. Kauri kamar tafin hannu, ba inda haske ke ratsawa, da sakata uku a baya. Ya tura ta da kafaɗa, da ƙyar ta motsa.

"Malam Gambo, ina ka samo itacen wannan?"

"Kasuwar katako, Gusau."

"Wurin wa?"

"Na mance sunanshi."

Sufeto ya ƙwarzane fentin da wuƙa. Ja. Ya bi sama da yatsa, ya tsaya, ya danna bakin wuƙa, sai wani ɗan toshi na itace ya faɗo, ya bar huda zagayayya. Kusa da ita wata. A ƙasa biyu. Ya ƙirga katakan ƙofar a fili kowa na ji, har bakwai, kowanne da huda huɗu.

"A kasuwa ake sayar da ƙirya da hudar noti a jikinta?"

Gambo ya fashe da kuka. Mutum mai jikoki.

"Bara waccan da 'yan bindiga sunka shigo garin ga, ƙofata ta farko da ƙafa ɗaya sunka ɓalle ta. Ina ƙarƙashin gado ina ji sunka tafi da ɗiyata Nusaiba. Wata biyu tana daji. Da ta dawo ba ta barci, ko iska ta taɓa ƙofa sai ta yi ihu. Na rantse sai na yi ƙofar da ba mai karya ta. Ƙirya ta ƙare a dajinmu, wadda ta rage tana inda ba a shiga. Da rani ina shafa ma gada mai, na kwance bakwai da rana tsaka, mutane na wucewa suna ce mini sannu da aiki. Na sa rimi, na haɗa shi da kyau, wallahi da kyau na haɗa shi, na ce in na matse su za su riƙe juna. Ban san matsewar ce za ta kashe shi ba."

"Kuma da ya mutu ka nuna Bulus."

"Tsoro, ranka shi daɗe."

Ni ma in faɗi tawa. Tun bara na ji tsakiyar gadar nan ta canza murya a ƙarƙashin sandata, ta koma kamar ana buga kabewa. Na ce tsufa ne ya fara taɓa mini kunne, na yi shiru. Kunnena lafiya lau yake. Wannan shirun da shi za a binne ni.

Aka kwance ankwa daga hannun Bulus aka sa wa Gambo. Mannir ya tako har gaban Bulus da sandarsa, kofur ya gyara bindiga. Sai Mannir ya yar da sandar. Ya kama hannun Bulus da hannu biyu ya riƙe.

Da za a sa Gambo a mota Sufeto ya ce a ciro ƙofar, shaida ce. Nusaiba na tsaye cikin zaure tana kallon wurin da za a bari a buɗe. Bulus ya dube ta, ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, a ba ni zuwa tsakar dare. Akwai ragowar maɗaci a shagona, a aika a kawo. Ba za ta kwana ba ƙofa ba."

Kuma ya yi. Mutumin da uban yarinyar nan ya so a kashe, shi ya rataya mata ƙofa da hannunsa, Mannir na riƙe masa guduma. Ban taɓa ganin irin wannan ba, ni da na ga abubuwa.

Ƙofar Gambo kuwa, ƙarti shida suka ɗora ta a mota, ni na bakwai, kuma ɓangarena ne bai taɓa ƙasa ba. Tana nan jingine a bayan ofishin 'yan sanda ana jiran shari'a. Wanda ya ce tsoho Tunau ya ƙara gishiri, ya hau mota ya je Bungudu, ya ce a nuna masa ita, ya ɗaga ta shi kaɗai ko da kamu ɗaya daga ƙasa. In ya iya, ya zo bakin gada ya same ni, ya ƙaryata ni a gaban jama'a, ni kuma in aske gemuna in ba shi a hannu.