Hannun Wanzami

"Ku kashe ni tare da shi!"

Na faɗa kan Labo, sandar Yaya Usmanu ta sauka a gadon bayana. Wallahi sai daga baya na ji zafinta.

Ranar sunan ɗan Yaya ce a gidanmu na Gidan Rumji, gari ya rikice da motocin 'yan siyasa, ana jiran zaɓen casa'in da uku. Labo wanzamin gidanmu ne, shi zan aura kafin damina. Yana cikin yi wa jinjiri aski aska ta zame, jini ya wanke kan yaron.

"Ban faɗa muku ba?" in ji Rilwanu, ɗan baffana da na ƙi aurensa tun bara. "Burkutu yake sha! Ku dubi hannun!"

Hannun kuwa sai karkarwa yake cikin ƙasa.

Su Yaya sun fasa wa Labo baki, sun zubar masa da haƙora biyu. Sai da aka ce ga jandarma suka watse. Yaron? Ɗan yanka ne, kwana biyar ya warke.

Ni Fadila ba a yi mini rufa-rufa. Na sami Labo kwance a ɗakin uwarsa.

"Tun yaushe hannun yake haka?"

"Shekara guda, masoyiyata... In na zauna yake rawa, in na ɗauki aska ya lafa. Ranar nan yatsun suka sage."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Tun kakana mu ke aski a gidanku. Wanzamin da ya turo wani, ya bar gidan ke nan."



Na tasa shi gaba har asibitin Maradi. Likita ya sa shi tafiya, ya lanƙwasa masa hannu.

"Ba giya ba ce, ba iska ba ce. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi ne ke mutuwa a hankali. Magani zai rage karkarwar, motsa jiki zai taimaka. Amma ba ya warkewa."

A tasha Labo ya kau da kai.

"Ki tafi, Fadila. Na yafe miki."

"Rufe mini baki!"

Na dire takardar likita gaban Baba. Rilwanu ya miƙo hannu zai ɗauka, na zabga masa marin da ya tsige masa hula.

"Kin ji ba ya warkewa?" in ji Baba.

"Na ji."

"Wata rana sai an ɗauke shi an ajiye."

"To, Baba, 'yan shekarun da suka rage masa da ƙarfi nake so. Kada ku cinye mini su da shawara."

Baba ya amince. Juma'a aka ɗaura aure, Yaya Usmanu ne ya raba goro, kansa a sunkuye.

Shekara tara Labo ya yi yana tafiya da ƙafarsa. Sauran huɗun da ya yi kafin rasuwarsa ni na ɗauke shi, kuma ban taɓa neman mai kama mini ba.