Salkar Da Ba Ta Wari

Gesine ta zare bututun busawa, ta kai hancinta bakin salkar ta shinshina. Ta sake shinshinawa.

Babu wari!

Shekara goma sha ɗaya tana ɗinka algaita mai salka a shagon mahaifinta a birnin Erfurt, ta san yadda cikin wadda ake busawa yake. Yawu da tsamin giya da zumar da ake shafa wa fatar sukan haɗu su yi ɗoyin da sai mutum ya kawar da kai. Wannan kuwa tas take, a bushe, kamar ranar da ta gama ɗinkinta ta miƙa wa saurayinta Torben, wata goma sha huɗu da suka wuce.

Saura mako biyu aurensu.

Mahaifinta Ottmar ya ɗago daga icen da yake fafewa.

"Ta ruɓe ko? Ai na faɗa miki, 'yan hayaniyar nan ba su san shanya salka ba."

"Baba... zo ka ji."

Ya zo ya shinshina, ya ajiye a hankali, ya koma kujerarsa ya ci gaba da fafe icensa. Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Tun farko tsohon bai ƙaunaci Hankakan Toka ba, ƙungiyar su Torben, masu haɗa algaita da sarewar kakanni da jitar lantarki da gangunan da ke girgiza ƙirji, suna tsalle cikin fatu da sarƙoƙi. Cewa ya yi mai tofa wuta a dandamali irin Torben ba miji ba ne. A kan wannan maganar ta yi wata biyu ba ta ci abinci tare da ubanta ba.

Ƙofa ta buɗe, Torben ya faɗo yana haki. Bayansa Frauke ce, mawaƙiyar ƙungiyar, tana tauna cingam. Ita ce ta kawo algaitar jiya da hannunta, wai ɗinki ya saki.

"Zumata! Yanzu nake jin an kawo algaitata nan. Ai lafiyarta ƙalau, ba sai kin wahalar da kanki ba..."

Gesine ta mayar da bututun, ta tura masa ita.

"Busa min."

"Yanzu? Haba rabin raina, ko kofi ban sha ba."

"Taken da ka busa min a tsohuwar ganuwa, gaban mutum dubu biyar, kafin ka durƙusa ka ce in aure ka. Shi nake so."

"Gesine..."

"Busa!"

Ya rungumi salkar a hammata, ya hura, ya hura, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da ƙyar ta cika rabi. Abin da ya fito kuwa, sai ka rantse akuya aka taka wa wuya. Ya sake gwadawa, yatsunsa na laluben ramuka, yawu na dalala ta gefen bakinsa zuwa gemu.

Frauke ta kwashe da dariya.

"Kai, ya isa haka, za ka kashe mana kunne! Ke kuma 'yar baduku, wai da gaske kin ɗauka shi ke busawa? Tun bara kwamfuta ke yi mana wannan aikin. Shi dai nasa kumbura kumatu."

"Yi min shiru, Frauke!" Ya juyo a marairaice. "Zumata, saurare ni. Da ina busawa, kin sani. Amma ga tsalle, ga wuta, numfashi ba ya isa, zafin fitilu kuma yana karkata muryar algaitar. Na ce bari in huta wasa ɗaya... sai ɗaya ya zama biyu..."

"Taken fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce taken fa, Torben? Kai ka tsara min shi, haka ka faɗa!"

"Ni na haɗa shi," in ji Frauke, tana duban farcenta. "A ɗakina, cikin awa ɗaya. Ranar kin yi kuka sosai, har na ji daɗi."

Gesine ta dafe teburi. Ba ƙaryar ce kaɗai ta ba ta ƙyama ba, ƙwarewar ce. Ta tuna yadda ya lumshe ido ranar, zufa na zuba, yana lanƙwasa jiki kamar ransa zai fita ta bututun, ita kuwa sakarya tana gaban dandamali tana sharar hawaye saboda kwamfutar Frauke. Kuma bakin nan da ta sumbata bayan wasa, ta ce ya gaji, ashe ko iska bai hura ba. Tir!

Ta dubi Frauke sama da ƙasa.

"Ɗinki bai saki ba. Kin san zan shinshina, shi ya sa kika kawo. To kin yi nasara, kwashi kayanki, ko kyauta ba na so."

"Gesine, don Allah! Zan koma koyo, na rantse! Kullum zan zo nan Baba ya..."

"Kada ka sa ni a ciki," in ji Ottmar, bai ko ɗago ba.

Ta jawo algaitar, ta kwance ta, ta zare 'yan kararen da ke ba ta murya ɗaya bayan ɗaya, ta zuba su a aljihun rigar aikinta. Ta mayar da komai yadda yake, ta goge yawun da tsumma, ta jefa tsumman a shara. Sannan ta cire zoben baikonsu ta ɗora a kan salkar, ta tura wa Torben.

"Gobe kuna da wasa ko? Riƙe. Ba wanda zai gane."

Har a lokacin wani ɓangare na zuciyarta yana roƙo. Ya ƙi karɓa mana. Ya ce ba zai hau dandamali da bebiyar algaita ba, ya roƙe ta kararen ko da zai yi shekara yana jin kunya. Da ya faɗi haka, wallahi da ta saurare shi.

Torben ya dube ta, ya dubi Frauke, ya dubi agogonsa.

Ya miƙa hannu ya karɓa.