Rishon da Ya Fito daga Kogi

Magariba ta kawo jiki, Bakari mai gyaran risho yana tattara kayansa a bakin gada, sai ga wata tsohuwa riƙe da kwalba ta dire masa wani abu a gabansa, ko sallama babu.

"Kunna min."

Ya jujjuya shi. Rishon tagulla ne mai famfo, irin na zamanin kakanni, laka ta toshe bakinsa, ruwa na ɗiga.

"Iya, wannan kananzir zalla yake sha. Mene ne a kwalbar nan taki?"

"Ban zo surutu ba. Zuba!"

Ya shinshina, ransa ya ɓaci. "An gauraya shi da fetur! Wallahi ba zan zuba ba. Ko a tsakiyar kogi aka kunna wannan, babu mai tsira."

Kwaɗin fadama suka yi tsit.

"Haka ne," in ji ta, muryarta kamar daga ƙarƙashin ruwa. "Babu wanda ya tsira."

Ya ƙyasta ashana don ya gan ta da kyau. Zaninta ya jiƙe sharkaf, amma ƙauri yake yi. Hannun da ta miƙo masa kuwa, har yanzu hayaƙi yake fitarwa.