Tafintana

"Ba miji ba. Ke."

Likitar matan ta sake faɗa da guntun Turancinta, tana nuna ni da biro.

Dariya ma na yi! Na ce baiwar Allah nan ba ta fahimce ni ba. Na nuna zoben hannuna, na ce, "Mijina ne ba ya haihuwa. Ni lafiyata lau."

Ta girgiza kai. Ta jawo wata mahaifar roba da ke kan teburinta, ta matse hanyoyin ƙwan nan biyu da yatsunta.

"Rufe. Rufe. Miji... lafiya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ɗakin ya juya min. Na dafe gadon gwaji, takardar da aka shimfiɗa a kai ta yage a hannuna.

Tunda karatunsa ya kawo mu ƙasar nan, mijina ne bakina, shi ne kunnena. Shi ya iya yarensu, ni ko gaisuwa sai na lalubo. Duk zuwanmu asibitin nan shi ke zama tsakanina da likita. Ranar da sakamako ya fito, matar nan ta yi bayani mai tsawo, shi kuwa ya juyo ya ce, "Ta ce matsalar daga gare ni take, Zumata. Ki yafe min."

Haka ya faɗa wa mahaifiyarsa Hajiya, wadda dama ba ta so aurenmu ba. Gorin da take min ya mutu murus.

Sai nawa dangin suka ɗauka. Kullum Umma a waya: "Ƙuruciyarki za ki ƙarar wa wanda ba ya haihuwa?" Goggo kuwa har ta fara turo min hotunan ɗanta, wai har yanzu bai yi aure ba.

Ni kuma, Allah Ya yafe min, na fara saurare. Yau na sato jiki na zo ni kaɗai don likita ta tabbatar min lafiyata ƙalau, in samu bakin neman saki.

Na ɗauko waya na kira shi.

"Ka zo asibiti. Yanzu!"

Ya shigo yana haki, ko igiyar takalminsa bai ɗaure ba. Yana ganin mahaifar robar a gabana ya tsaya cak.

"Zumata..."

"Kar ka Zumata ni! Me ta ce maka ranar nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jikina ne fa! Wa ya ba ka izinin ɓoye min jikina?"

"Na san Hajiya," ya ce a hankali. "Da ta ji, da ba ki ƙara kwana cikin daɗi ba. Ni namiji ne, in an yi min gori kwana biyu za a gaji."

"Ni da na riƙa yi maka gorin fa? Na juya maka baya, na ce ka cuce ni..."

"Ai na ce ki yafe min. Ƙaryar nake nufi."

Kuka ya ƙwace min. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ka san me ya kawo ni yau? Hujjar rabuwa da kai na zo nema!"

Sai da ya runtse ido. Na ga maganar ta dake shi.

"Na sani," ya ce. "Bangon ɗakinmu ba kauri. Ina jin wayarku da Umma."

"Kuma ka yi shiru?!"

"In na faɗa don ki zauna, ai tausayina ko kunyata ce za ta zaunar da ke. Ni ke nake so, ba haihuwa na aura ba."

Wayata ta hau ruri. Umma ce. Na ɗauka ina shessheƙa.

"To, ya? Kin ji daga bakin likitar?"

"Na ji, Umma. Ni ce. Ki gaya wa Goggo, mu ga ko ɗan nata yana nan a kan bakansa."

Ban jira amsarta ba. Na kashe.

Likitar ta turo mana kujeru, ta hau magana da yarensu, tana kallonsa da ido jawur.

Na riƙo hannunsa. "Fassara min. Duka. Ko mai ɗaci ne."

Ya share fuska.

"Ta ce akwai aikin da za a gwada, amma babu tabbas. Zai iya yiwuwa ba mu taɓa samu ba."

Maganar ta yi min zafi, wallahi. Amma ban saki hannun ba.

"Sai me kuma? Ai maganarta ta fi haka tsawo."

"Ta ce ni ne tafinta mafi muni da ta taɓa gani."

"Ce mata na sani," na ce. "Kuma ba na canza shi."