Jitar Maliki

Ranar Alhamis ce, saura kwana tara a sauke tutar Turawa. Bayan azahar Arzika mai gyaran rediyo ya rufe shagonsa a Bagudo, ya ɗora wa jaki kaya: batirin mota a gefe ɗaya, lasifika da wani ƙaramin akwati a ɗaya gefen, jita naɗe cikin bargo a sama. Ya kama hanyar mashigin Kwara.

A soja ya koyi aikin waya. Tun da ya dawo gida, babu rediyo ko garmaho da ya gagare shi daga Bagudo har Kende. Amma jita mai aiki da lantarki bai taɓa riƙe ta ba sai makon da ya wuce, ranar da wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shagonsa. Ya ce sunansa Maliki, makaɗi ne daga ƙasar Dahome. Hausarsa ta Dandawa ce, a hankali yake fitar da ita. Bai shigo ba, bai kuma miƙa hannu ba. Ya ajiye kayan a bakin ƙofa.

"Ruwa ya taɓa ta," ya ce. "Ina son muryarta ta komo."

Ja ce jitar, mai tsirkiya shida. Da Arzika ya kwance ta, sai warin laka ya cika shagon. Akwai yashi a cikinta, da 'yan ƙananan dodon-koɗi. Wayar tagullar da ke naɗe da maganaɗisunta ta tsinke. Kwana huɗu ya yi yana warware ta yana sake naɗawa, siririya kamar gashin jariri, yana liƙewa da dalma.

Ƙaramin akwatin ne ya fi ba shi sha'awa. A cikinsa akwai zaren ɗaukar magana da ke zagaya wasu 'yan ƙafafu. Idan aka kaɗa tsirkiya, zaren zai ɗauki sautin ya maido da shi sau uku ko huɗu, yana dushewa, kamar an yi kira a cikin rijiya. Sai dai zaren ya ruɓe. Yana taɓa shi ya marmashe. Tun ranar farko ya gaya wa Maliki ba a samun irinsa sai an je Sakkwato.

"Gyara sauran," in ji Maliki. "Ka kawo min mashigi ran Alhamis, kahin magariba. Amsar tana can."

Arzika ya yarda ne don dalili ɗaya. Matarsa Rabi tana goyon ciki a gidan uwarta, a wata tungar masunta da ke daf da mashigin. Shekara goma sha ɗaya suna jiran wannan cikin. Ya ƙudurta zai miƙa kayan mutane, sannan ya shiga ya gan ta.

Rana ta yi ja lokacin da ya hango ruwan. Kwara ta cika maƙil, ta haɗiye ciyawar bakin gaɓa. Daga tunga hayaƙin bandar kifi yana tashi. Saura kamar taku hamsin jakin ya tsaya. Arzika ya ja, ya tura, ya buga. Jakin ya kafe, kunnuwansa a kwance, jikinsa yana tsuma. Dole ya sauke kayan ya yi ta jigila da kansa.

A sawu na uku ne ya lura babu kukan kwaɗi. A irin wannan lokaci na damina ba ka jin maganar na kusa da kai saboda su. Yau tsit. Ko sauro babu.

Maliki yana zaune a gefen wani tsohon kwalekwale, ya ba shi baya, ƙafafunsa cikin ruwa.

"Salamu alaikum," in ji Arzika.

"Jona ta," in ji Maliki.

Arzika ya jira amsar sallamarsa. Ba ta zo ba. Ya durƙusa ya haɗa wayoyin, jita zuwa akwati, akwati zuwa lasifika, duka zuwa batir. 'Yar jar fitila ta kama. Ƙafafun akwatin suka fara juyawa, babu zare a kansu. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fita tas, ya bazu a kan ruwa. Ya ji daɗin aikinsa.

Sai sautin ya dawo.

Daga lasifikar ya fito. Sau ɗaya. Sau biyu. Arzika ya leƙa cikin akwatin. Ƙafafun suna ta juyawa haka nan, babu komai. Sau uku. Maimakon ya dushe, ƙaruwa yake yi. Na huɗun ba daga lasifika ya fito ba. Daga tsakiyar kogin ya taso.

"Ta yi," in ji Maliki. "Yanzu yi magana. Kusa da maganaɗisun."

"Ba a magana cikin jita."

"Wagga ana yi."

Arzika ya san tsohon maganaɗisu yakan ɗauki murya idan aka matsa kusa. Ya ce a ransa bari ya yi ya rabu da mutumin. Ya sunkuya, warin lakar ya daki hancinsa. Ya yi irin gwajin da suke yi a soja.

"Ɗaya. Biyu."

Lasifikar ta amsa da muryarsa. "Ɗaya. Biyu."

Ta ɗan yi shiru.

"Uku," ta ce.

Arzika ya ja da baya har ya zauna a laka. Ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Maƙogwaronsa yana motsi, harshensa yana motsi, babu sauti ko kaɗan.

Kafaɗun Maliki suka girgiza a hankali, kamar mai dariya a ciki.

Lasifikar ta yi gyaran murya. Irin gyaran muryar da Arzika ke yi in zai shiga gida.

"Rabi."

Ba da ƙarfi ba. Da irin taushin da yake kiranta idan ya kawo mata tsaraba.

"Rabi, taho ki gani."

Kiran ya ratsa kan ruwa ya nufi tunga. Arzika ya fizge wayar batir. Ta fito a hannunsa. Jar fitilar ba ta mutu ba.

Ya hango Rabi. Ta fito daga tsakanin bukkoki, hannu ɗaya a ƙugu, tana tafiyar mai nauyi. Ba hanyar mashigi ta biyo ba. Ta bi ta ƙasa, inda mata ke wanki, domin muryar ta bar lasifikar yanzu. Tana can kan ruwa, bayan ciyawa.

"Malam?" ta ce. "Yaushe kazzo? Ina kake?"

"Ga ni nan," in ji muryar. "Matso."

Arzika ya ɗaga hannuwa yana kaɗawa. Duhu ya fara sauka, ciyawa ta tsaya tsakaninsu. Ba ta waiwayo ba. Ta tattare zanenta ta sa ƙafa a ruwa.

Ya yunƙura zai ruga wurinta, sai ya ji ƙafafunsa sun nutse a laka har ƙwauri. Jitar tana kwance a gabansa. Tsirkiyoyin shida suna rawa da kansu.

Ya lalubo filaya a aljihunsa.

Ya datse ta farko. Wani namiji ya yi ƙara da Dandanci, ya yi shiru.

Ta biyu. Kukan mace.

Ta uku. Ta huɗu. Kowace da muryar da ke fita daga cikinta.

Ruwa ya kai wa Rabi gwiwa.

"Kaɗan ya rage," in ji muryarsa. "Miƙo hannu."

Ta biyar.

Ya kai filayar kan ta shida, mai kaurin, sai aka riƙe masa wuyan hannu.

Bai ji tahowar Maliki ba. Yatsun sanyi ƙalau, sun yi fari sun tattare kamar na wanda ya kwana cikin ruwa. Arzika bai ɗaga kai ba. Ya ga dai ruwa yana ɗiga daga bakin rigar mutumin, yana ɗiga, ba ya ƙarewa. Numfashi babu. Warin ne kawai.

"Bar min guda," aka raɗa masa a kunne. "Can ƙasa shiru ya yi yawa."

Ruwa ya kai wa Rabi ciki.

Arzika ya karanta Ayatul Kursiyyu a zuciyarsa, tunda baki ya ƙi. Ya kawo hannun hagu ya danne filayar da dukan ƙarfinsa.

Tsirkiyar ta tsinke, ta zabge shi a kumatu.

Fitilar ta mutu. Hannun ya sake shi. Lakar ma ta sake shi.

Ya faɗa ruwan da gudu. Ya cim mata ruwa yana bakin ƙirjinta, ta miƙa hannu gaba, idonta a buɗe. Ya rungumo ta ta baya. Ta juyo ta gan shi, ta sake duban inda muryar take, sai jikinta ya saki.

Wani abu ya ja mayafinta daga ƙasa.

Arzika ya ja. Abin ya ja. Ya warware mayafin daga wuyanta ya sake shi. Ya ga farin ƙyallen yana tafiya a kan ruwa, yana haurawa sama, inda ruwan ke fitowa. Sannan ya nutse.

Ya fito da ita gaɓa da jan gwiwa. A lokacin ladanin tunga ya ɗaga murya, kwaɗi kuma suka ɓarke gaba ɗaya.

Da gari ya waye masunta suka je mashigin. Sun sami batirin da lasifikar. Jita, akwati da kwalekwale babu su.

Goggo, uwar Rabi, ta yi masa bayani daga bayan zana, kamar yadda suruka ke yi. Ta ce watan jiya wasu makaɗa sun dawo daga bikin 'yancin Dahome, jirginsu ya kife a sama da mashigin. An tsamo kowa ban da mai jitar.

"Tun ran nan muna jin kiɗi ƙasa-ƙasa in magariba ta yi," ta ce. "Mutum biyar sunka bi shi, ba su komo ba. Da kiɗin ya ɗauke munka ce Allah ya raba mu da shi. Ashe gyara anka kai."

Har lokacin Arzika ba shi da murya. Sai bayan kwana arba'in muryarsa ta dawo, a dishe, kuma haka ta zauna har ƙarshen ransa. Rabi ta haifi 'ya mace lafiya, aka sa mata Batulu. Ya ci gaba da gyaran rediyo, amma duk abin da ke da tsirkiya ba ya karɓa. Bai ƙara kiran Rabi da sunanta ba. In yana son ta, sai ya ƙwanƙwasa ƙyaure sau biyu. Sun yi alkawari tsakaninsu: duk ranar da ta ji ya kira sunanta, kada ta amsa, kada ta waiwaya.

Ya rasu ya bar ta da shekaru masu yawa a gaba. Batulu ce ta ba ni labarin nan. Ta ce a ƙarshen rayuwar uwarta, tsohuwar ta nace sai an mai da ita tungarsu. Duk shekara in Kwara ta cika, da magariba, takan sa a kulle mata ƙofa ta waje, a tafi da makullin. Sai ta zauna a bakin gado, ta juya wajen kogi.

Batulu ta taɓa leƙa ta ta taga. Ta ce kunne ɗaya kawai tsohuwar ta toshe.