Gizagon Da Ba A Sauke Ba

Ranar da Zalihatu ta fara ganin Illo, taɓo ne a jikinsa har gwiwa. Ta dawo daga rijiya da tulu a ka, shi kuma yana tsakiyar rami a bayan gidansu, yana tattaka jar ƙasa da ciyawa. Ta juye masa ruwan ba ta ce komai ba, don ita ba mai yawan magana ba ce. Shi ma bai ce ba. Sai dai da ta juya, ta ji ƙafafunsa sun daina motsi a cikin taɓon.

Mahaifinta, Ɗanbaba, fataucin goro da gishiri yake yi tsakanin Dogon Dutsi da ƙasar Kabi. A waɗannan shekarun na mulkin Nasara, sorayen garin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ɗanbaba ya yi alwashin tsohuwarsa, Kaka Ajuma, ba za ta ƙare kwananta a ɗakin ciyawa ba. Shi ya sa ya aika Tibiri aka zo masa da Illo, saurayi maraya da ya gaji gini wurin ubansa.

Illo ba ya sauri. In ya kwaɓa ƙasa sai ya rufe ta kwana bakwai kafin ya taɓa.

"Kai yaro, ɗaki na ce ka yi min, ba daddawa ba," in ji Ɗanbaba. "Ƙasa ma sai ta ruɓa?"

"Sai ta ruɓa, Baba. Ƙasar da ba ta kwana ba, ba ta riƙe bango."

Kaka Ajuma ta leƙo daga inuwa. "Angona, in ka ƙare ina da rai, ka yi sa'a. In ko na riga, ka sa akuyata ciki."

Sai da bango ya kai ƙirji kafin Zalihatu ta yi masa magana. Ta iske shi yana sassaƙar azara, itacen giginyar da ake jerawa a ɗora rufi a kai, da wani tsohon gizago mai baƙar ƙota.

"Sannu da aiki, Mai-taɓo," ta ce, idonta a ƙasa.

"Ashe kina magana. Ni na ɗauka tulun ne ka kawo kanshi."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Tun daga ranar ya sa mata suna Azara.

"Ka rasa abin da za ka kira ni sai icce?"

"Azara ba ta surutu, kuma ita ka riƙe da ɗaki. In babu ta, kowa a waje zai kwana."

Ranar da aka gama rufi, Illo ya kira Ɗanbaba cikin ɗakin. A gabansa ya rataye gizagon a jikin azarar tsakiya.

"Haka muka gada a gidanmu, Baba. Damina ukku wanga ɗaki na wuyana. In ya yi yoyo, ko bango ya tsage, ni ne, in zo in gyara ba a biya ni ba. Sharaɗi guda ne: kada hannun wani magini shi taɓa bangon. In ya taɓa, sai in aiko a sauke gizago, na hita."

Abu ɗaya ya rage, wato yaɓen makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Illo ya ce sai bangon ya bushe har ciki.

Da zai fita, ya iske Zalihatu tana shara a bakin ƙofa. Ya rage murya. "Muddin gizagon nan na rataye, ina cikin gidanga, Azarata."

A satin nan kawun Illo, Usman, ya zo da goro neman izini. Ɗanbaba bai karɓa ba, bai kuma kore shi ba.

"Yaro ba gona, ba garke, sai hannu biyu. Bari ɗaki shi ga damina. Wanda banginshi ya tsaya, shi ake ba ɗiya."

Ba a yi kwana goma ba gardawan kumandan, wato dogaran Baturen da ke mulkin garin, suka shigo unguwa suna kiran sunayen waɗanda za su aikin dole. Sunan Illo na ciki. Aka tasa su yamma, inda ake fasa dutse don hanyar mota. Zalihatu ta tsaya bayan danga tana kallo har suka ɓace. Bai samu ya waiwayo ba.

Hawwa'u ce ta zama bakinsu. Bafulatana ce mai tallar nono, rugarsu kusa da wurin aikin, tana shigowa gari duk ranar kasuwa. Ita ta kawo saƙon farko, ta faɗe shi yadda aka ba ta:

"Ki ce ma Azara ina lahiya. Dutse muka fasawa tun safe har rana ta hwaɗi. Ki ce a bar bango shi sha iska, ina tahe da makuba. In ta cika tulu, ta tuna akwai mai ƙishirwa."

Zalihatu ta mayar: "Ki ce ma Mai-taɓo gizago na inda ya bar shi. Kullum ina kakkaɓe mashi yana. Shi ci abinci ko ba daɗi."

Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, Illo bai dawo ba. A nan Ado ya shigo. Magini ne a barikin kumandan, mai gajeren wandon kaki, ba ya buɗe baki sai ya ce "wi, wi", wato "i, i" da Faransanci. Aikin dole ba ya hawa kansa, ga albashi duk wata. Ya daɗe yana ratsowa ta ƙofar gidan Ɗanbaba ba tare da dalili ba.

"Baba, makuba ai aikin ƙauye ne. Akwai ragowar siminti wurina. In na shafe ma wanga ɗaki, har kumandan sai ya tsaya kallo."

Ɗanbaba ya tuna sharaɗin, ya kuma dubi sama. Ya ce a shafe.

Zalihatu tana daka tana kallo. Ta ga Ado ya lulluɓe bangon da siminti alhali gindinsa bai gama bushewa ba. Ta ga ya datse indararon da Illo ya yi dogo, wai ya ɓata fuskar ɗaki. Ta buɗe baki sau biyu ta rufe. Wa ya tambaye ta?

Ɗakin ya yi fes, mutane suka yi ta zuwa suna shafa shi da hannu. Kaka Ajuma ta tare.

Ranar kasuwa Hawwa'u ta ja Zalihatu gefe. Ta riga ta ba Illo labarin simintin, har da yawan zuwan Ado gidan.

"Ɗiyata, saƙon yau ba daɗi. Ya ce: a sauke gizagona. An sa hannu inda na ce kada a sa. Ba ni ciki."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan, gardi ya kore ni. Mu ma gobe za mu yi arewa da shanu, sai bayan damina."

Zalihatu ba ta san yadda ta kai gida ba. Maganarsa ta bakin ƙofa ce kawai ke yawo a kanta. Ya ji labarin Ado, ya zaci ta ba da fuska, ya fita daga gidan, ya fita daga gare ta. Ta shiga ɗakin Kaka, ta taka turmi, ta kai hannu ga gizagon. Ƙotar ta yi santsi saboda hannun ubansa da nasa. Ta riƙe ta, ta daɗe. Sannan ta sauko ta bar shi a rataye. Ba ta gaya wa kowa saƙon ba.

Damina ta sauka da ƙarfi. Siminti ya yi tsaga siririya kamar gashi. Gajeren indararo ya riƙa zubar da ruwa a jikin bango. Wata ranar Laraba bayan la'asar, ana kwana na uku ana ruwa, bangon gabas ya zame gaba ɗaya. Kaka na zaune tana kaɗi. An ciro ta da rai, amma ƙafarta ta karye wuri biyu.

Ɗanbaba ya tsaya cikin ruwan yana duban abin da ya rage na rufin. Gizagon na lilo a jikin azara.

"Ga mai shi nan," ya ce. "Kada in sake jin sunan yaron nan a gidana."

Ado ya bi gari yana cewa tun farko cikin bangon ruɓaɓɓe ne. Har Tibiri maganar ta kai, waɗanda suka yi wa Illo alkawarin aiki suka janye. Mutanen Ado suka kawo goro. Zalihatu ta ce wa mahaifinta ita jinyar Kaka take yi, ya bar ta. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Duk sanda ta wanke wa tsohuwar ƙafa, sai ta yi niyyar faɗin saƙon da ta ɓoye, ta fasa.

Bayan an yanke gero aka sallami 'yan aikin hanya. Illo ya iso da hantsi, ya yi baƙi, ya zube, yatsunsa biyu na hagu sun lanƙwashe inda dutse ya danne su. Ɗanbaba na ƙofar gida da maƙwabta. Bai amsa gaisuwarsa ba, ya tasa shi har gaban kangon.

"Gizagon wa ke rataye can?"

Illo ya ɗaga kai. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hango Zalihatu a bayan danga, ta dafe kara da hannu biyu, fuskarta kamar wadda ake jira a yanke wa hukunci. Ya dube ta, ya dubi gizagon. Ya haɗiye abin da zai ce.

"Nawa ne, Baba. Tunda yana rataye, ni ne. Gobe in hwara kwaɓa."

Washegari Zalihatu ta kawo ruwa bakin ramin kamar ranar farko. Wannan karon hawaye take yi.

"Ka ce ba ka ciki."

"Bango nika nuhi, Azara. Siminti kan ɗanyar ƙasa, ruwa shi shiga shi rasa mahita. Saƙon na Baba ne, don shi san ɗakin ba lahiya, shi hidda Kaka."

Ta durƙushe a wurin. "Ni na ɗauka ni ka saki. Na kasa sauke shi. Wayyo, ashe ni na karya Kaka."

"Ba ke kika shafa siminti ba."

"To don mi ba ka hwaɗi gaskiya jiya ba?"

"In na hwaɗi, sunanki zai maye nawa a bakin gari. Ni na saba ɗaukar dutse."

Zalihatu ta tashi. Ba ta ɗauki tulun ba. Ta wuce kai tsaye rumfar da Kaka ke kwance, inda mahaifinta ke zaune a bakin tabarma. Ta durƙusa. Ba ta tsaya ba sai da ta faɗi komai: saƙon Hawwa'u kalma bayan kalma, hawanta kan turmi, ɗanyen gindin bango, da indararon da aka datse.

Ɗanbaba ya ɗaga murya. "Ke! Kin san abin da kike—"

"Rufa min baki, Ɗanbaba," in ji Kaka Ajuma. "Sau nawa na ce maka ina jin ruwa na kuka cikin bango kamar cikin mai yunwa? Ka ce tsufa ne. Yarinya ta ɓoye saƙo don ƙauna. Kai mi ya sa ka karya sharaɗi? Don a shafa bango a ce ɗan Ajuma ya yi arziki?"

Ɗanbaba ya daɗe yana duban ƙafar uwarsa a cikin karan ɗori. Sannan ya tashi ya zagaya bayan gida. Illo na cikin rami yana tattaki. Dattijon ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya sauka cikin taɓon kusa da shi.

"Kwana nawa ka ce tana ruɓa?"

"Bakwai, Baba."

"To, bakwai. Ka ce ma kawunka shi dawo da goron nan."

A ranar aka mayar wa mutanen Ado nasu.

Illo ya sake ginin da hannu ɗaya da rabi, ya yaɓe shi da makuba, ya sa indararo dogo kamar da. Kaka ta koma ciki, amma ba ta ƙara takawa ba. Ta yi damina guda cur a ɗakin, ko ɗigo bai sauka a kanta ba. In ana ruwa sai ta sa a kira Illo ta ce, "Angona, saurara. Ka ji? Shiru." Tana gab da rasuwa ta ce a bar wa yaran ɗakin, a fasa musu ƙofa ta waje don kada a ce Illo na zaman gidan surukai. Ta cika ana saura sati uku biki.

Saboda haka aka ɗaura auren ba kiɗa. Liman ya yi addu'a, aka raba goro, mata suka raka amarya da guɗa ɗaya tak, wadda ta ƙare da kuka. Hawwa'u ta zo da ƙwaryar nono har baki, tana ta cewa da ta sani da ta kai saƙon wurin maigida da kanta.

Da yamma Ɗanbaba ya tsaya a sabuwar ƙofar, bai shiga ba.

"Illo, sauke gizagonka. Ka cika magana."

"Saura damina biyu, Baba."

Daga ƙarƙashin lulluɓi, a hankali, Zalihatu ta ce, "Ko sun cika, a bar shi nan."

Ɗanbaba ya share ido da hannun riga. Ya dafa bangon, ya ji shi a bushe da ɗumin rana.

"Allah shi yi muku albarka," ya ce. "Allah shi jiƙan wadda ta hwara kwana a ciki. Allah shi tsai da ku yadda wanga bango ya tsaya."

Mutanen da ke tsakar gida suka amsa, "Amin."